Yadda Ake Nazarin Tsohon Kuɗi da Kayan Kufai: Jagora ga Mai Farawa a Zariya

Duk wanda ya saba bin hanyar gonakin da ke kewaye da Dutsen Kufena bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi ya san irin abin da zaizayar ƙasa take tonowa: tsingaron tukwane masu zane, da kashin maƙera baƙi ƙirin, da ɓarin dutsen niƙa, wani lokaci har da wuri ko ƙwayar dutsen ado. A cikin gari kuwa, daga Tudun Wada zuwa unguwannin da ke cikin ganuwa, da wuya a sami tsohon gida wanda babu wani gwangwani ko adaka da aka jibge anini da kwabo mai huji da taro da sisi a ciki tun zamanin kakanni. Akasarin waɗannan kaya suna ƙarewa ne a hannun yara, ko a buhun 'yan gwangwan, ko a murhun maƙeran fari waɗanda suke narka tsohuwar azurfa su yi zobe da warwaro. Wannan jagora na mutumin da irin waɗannan abubuwa suka faɗo hannunsa ne, ko ɗalibi ne ko manomi ko magini, kuma yake son ya san yadda zai yi da su har su ba da shaida a kan zamanin da suka fito.

Hanyar da zan bayyana ba sabuwa ba ce, kuma ba ta buƙatar na'ura mai tsada, domin waɗanda suka shimfiɗa ta sun yi aikinsu ne da ido da sikeli da alƙalami. A ƙarni na 14, marubucin nan na Italiya mai suna Petrarch ya ba da labarin yadda masu noman inabi a Rum suke kawo masa tsofaffin kuɗin da suka tono, wasu don ya saya, wasu don ya gaya musu sunan sarkin da ke jiki. A Alƙahira kuma, Al-Maƙrizi, wanda ya rasu a 1442, ya rubuta risala sukutum a kan tarihin dinari da dirhami da nauyinsu, saboda ya ga irin wahalar da lalacewar kuɗi ta jefa mutanen Masar a zamaninsa. A 1514 Guillaume Budé na Faransa ya fitar da littafinsa a kan kuɗin Rumawa da ma'aunansu. To amma mutanen farko na Turai sun fi damuwa da fuskokin sarakuna, har ta kai wasu masu wallafa littattafai sukan zana kuɗin da ba a taɓa bugawa ba don kada jerin sarakunansu ya yi giɓi. Wanda ya tsaftace fagen shi ne Joseph Eckhel, mai kula da taskar kuɗin sarkin Ostiriya a Biyana, wanda tsakanin 1792 da 1798 ya fitar da juzu'i 8 inda ya jera kuɗin garuruwa bisa ƙasashensu, na sarakunan Rum bisa shekarunsu, ya kuma fitar da duk abin da bai gamsu da ingancinsa ba. Daga baya Christian Thomsen na Danmak, wanda shi ma da tara tsofaffin kuɗi ya fara, ya ɗauki wannan ɗabi'a ta jerawa da kwatantawa ya kai ta kan wuƙaƙe da gatura da tukwane. Ya lura da abubuwan da ake samu tare a rami ɗaya da waɗanda ba a taɓa samunsu tare, kuma daga nan ne ya fitar da rabon da aka buga a 1836, wato zamanin dutse da na tagulla da na baƙin ƙarfe. Abin da ya kamata mai farawa ya riƙe daga wannan tarihi shi ne cewa Thomsen bai gano komai ta hanyar kallon abu ɗaya tilo ba, sai ta hanyar sanin inda aka same shi da abin da yake maƙwabtaka da shi.

Kafin a taɓa komai

Saboda haka aikin farko ba ya kan kuɗin ko tsingaron, yana kan wurin. Idan a fili ka ga abin, kada ka ɗaga shi sai ka ɗauki hotonsa yadda yake kwance, da rula ko biro a gefensa don a gane girmansa, sannan ka ja da baya ka ɗauki wani hoton da zai nuna wata alama da ba ta gushewa, kamar dutse ko tsohuwar kuka ko kusurwar ganuwa. Wayoyin hannu na yanzu suna iya ba da lambobin taswira na daidai inda mutum yake tsaye, to ka kwafe su a littafinka, kada ka bar su a waya kaɗai. Ka rubuta ranar, da sunan unguwa ko ƙauye, da ko a saman ƙasa abin yake ko a cikinta, da zurfinsa idan a ciki ne, da launin ƙasar, da duk abin da ke kusa da shi ko da kana ganin ba shi da amfani, kamar toka da gawayi da ƙashi.

Idan kuwa a gida aka ba ka shi, to wurinsa yana bakin mai shi, kuma sai ka tambaya da ladabi da haƙuri. Na taɓa zama a zaure da wani dattijo a cikin birni wanda ya zazzage mini ƙaramin gwangwani a kan tabarma. Na ce, "Baba, wannan babban na azurfa daga ina ya shigo gidan nan?" Ya ce, "Yaro, wannan liyari ne, na kakata ne, a wuya take rataya shi, ka ga inda aka liƙa masa kunne." Wannan jimla ɗaya ta gaya mini abin da sikeli ba zai gaya mini ba, wato cewa kuɗin ya riga ya bar kasuwa ya koma kayan ado tun zamanin kakar mai ba ni labarin, kuma shi ya sa gefe ɗaya ya fi ɗaya sulɓi. Ka rubuta irin wannan magana yadda aka faɗe ta, ka kuma raba abin da mai labarin ya gani da idonsa da abin da ya ji daga magabata.

Abu na biyu shi ne kada ka wanke, kuma a nan ina magana ne da nadama. Ina ƙarami na sami wani kwabo mai huji da ya yi baƙi, na dirje shi da toka da lemon tsami da yashi har ya yi ƙyalli, ina murna. Sai bayan shekaru na fahimci cewa a jikin irin waɗannan kuɗi akwai wani ɗan ƙaramin harafi da ke nuna masana'antar da ta buga su, kuma na goge nawa da hannuna. Tsatsa da koren da ke jikin tsohon ƙarfe ba datti ba ne kawai, domin sau da yawa rubutun yana cikin wannan fatar ne, idan ta tafi ya tafi. Abin da aka yarda da shi ga mai farawa bai wuce kaɗe busasshiyar ƙasa da buroshi mai laushi ba. A riƙe kuɗi ta gefensa, kada a ɗora yatsa a fuskarsa, kuma a yi aikin a kan zane mai kauri don kada ya faɗi a siminti.

Auna, karanta, rubuta

Kayan aikin ba su da yawa: littafi mai ɗauri wanda ba a yage shafinsa, da fensir, da rula mai milimita, da madubin ƙara girma, da mayen ƙarfe, da ambulan na takarda, da ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinare wanda yake nuna giram da ɓarinsa. Wanda ba shi da sikeli yana iya roƙon wani mai shagon zinare a kasuwar Sabon Gari ya auna masa. Kowane abu a ba shi lamba tasa, a rubuta ta a jikin ambulan da cikin littafi, amma kada a rubuta ta a jikin kuɗin.

A fara da nauyi, domin nauyi shi ne gaskiyar tsohon kuɗi. A zamanin da darajar kuɗi take cikin ƙarfensa, hukuma ba ta wasa da ma'auni. Dinarin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fitar a shekara ta 77 bayan Hijira, wanda ya cire hoto daga jikinsa ya bar rubutu zalla, nauyinsa kimanin giram 4.25 ne, kuma shi ne asalin miskalin da fataken Sahara suka daɗe suna auna zinare da shi. Liyarin Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya, kuwa, wato babban kuɗin azurfan nan mai hoton mace wanda ya yi yawo daga Habasha da Yaman har Barno da ƙasar Hausa, nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya. Idan naka ya gaza haka da giram biyu ko uku alhali bai sha jiki sosai ba, to sai a yi shakkarsa. Idan mayen ƙarfe ya kama shi, magana ta ƙare, domin azurfa da zinare da tagulla ba sa amsa kiran mayen ƙarfe. Bayan nauyi sai faɗi da kauri, sannan a duba gefen: mai sulɓi ne, ko mai tsaga-tsaga, ko mai rubutu.

Karatun jikin kuɗi yana son hasken da ya zo daga gefe, ba daga sama ba. Ka zauna kusa da taga da hantsi, ko ka kwantar da tocila daidai da tebur, ka riƙa juya kuɗin a hankali, za ka ga haruffan da ka ɗauka sun shafe suna tasowa da inuwarsu. Ka kwafi abin da idonka ya gani kawai, harafi bayan harafi, inda ya shafe ka sa ɗigo-ɗigo, kada ka cike da abin da kake zato. Wannan ita ce ƙa'idar da ta raba Eckhel da waɗanda suka gabace shi, kuma ita ce mafi wuyar kiyayewa, domin zuciya tana gaggawar ganin abin da take so. Idan kuɗin ba mai rauni ba ne, ana iya ɗora masa siririyar takarda a shafa fensir a kai a hankali, hoton zai fito da ainihin girmansa, sai a manna shi a littafin.

Kuɗin da mutumin Zariya zai fi cin karo da su na zamanin Turawa ne, waɗanda suka karɓi garin a 1902, kuma yana da kyau a san tsarinsu. A 1907 aka fara buga kwabo da anini, anini goma kwabo ɗaya, masu huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida da rubutun harafin Larabci. Aninin farko da alminiyom aka yi shi, abin da ba a saba gani ba a duniyar wancan lokaci, shi ya sa za ka ji shi ba nauyi a hannu. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, kuma a 1913 ta fitar da taro da sisi da sule da fataka na azurfa, sulen yana ɗauke da bishiyar kwakwar manja. Daga 1920 aka daina yin su da azurfa aka koma wani gauraye mai ruwan ɗorawa, saboda haka launin sulen wannan hukuma kaɗai yana iya gaya maka ko kafin wannan shekara aka yi shi ko bayanta. Ƙaramin harafin da na goge shi ne H ko KN, alamun masana'antu biyu na Bamingam a Ingila. Akwai kuma kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na 8, wanda ya sauka daga gadon sarauta a shekarar da ya hau, har Ingila kanta ba ta kai ga sakin kuɗi da sunansa a kasuwa ba, amma aka sake su a nan. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da kuɗin ƙasa a 1959, sannan naira da kwabo suka zo ranar 1 ga Janairu 1973.

Kuɗin da ke da rubutun Larabci, waɗanda alhazan da suka bi ta ƙasa da fataken arewa suka shigo da su, suna da nasu tarko wajen shekara. Don mayar da shekarar Hijira zuwa Miladiyya, a ninka ta da 0.97 a ƙara 622, abin da ya fito ba zai kauce da fiye da shekara ɗaya ba. Kuɗin Daular Usmaniyya ta Turkiyya da na Masar a ƙarƙashinta sukan ɗauki lamba biyu: shekarar da sarki ya hau mulki, da wata ƙaramar lamba mai nuna shekara ta nawa ke nan a mulkinsa. Idan ka ga 1293 da 10, to Sultan Abdulhamid na 2 ne, kuma a shekara ta goma ta mulkinsa aka buga, wato 1302, wadda ta faɗo tsakanin 1884 da 1885. Fulusan tagulla na Maroko kuwa, masu kauri da tauraro mai tsini shida, da lambobin boko ake rubuta shekararsu ta Hijira, har mutum ya ga 1288 ya ɗauka ya sami kuɗin da ya haura shekara ɗari bakwai, alhali na wajen 1871 ne.

Jabu ba sabon abu ba ne a wannan fage. A ƙarni na 16 wani gwanin maƙeri a Padua ta Italiya mai suna Giovanni da Cavino ya kwaikwayi kuɗin sarakunan Rum har ya rikita masu tarawa, kuma Bajamushe Carl Becker, wanda ya rasu a 1830, ya sassaƙa hatimai masu yawa na kuɗin da ya kwaikwaya. Mafi yawan jabun da ke yawo a kasuwanninmu ba su kai wannan gwaninta ba, zubi ake yi musu a cikin ƙasa ko yumɓu. Ana gane su da siririn layin da ke zagaye gefensu inda ɓari biyu na mazubin suka haɗu, da 'yan ramuka kamar na ƙuraje a fuskarsu, da haruffa masu kumburi marasa kaifi. Sai dai a yi hattara, domin fulusan Maroko da na ambata tun asali zubi ake yi musu, don haka alamar zubi a jikinsu ba aibi ba ce. Jabun ma a rubuta shi a ba shi lamba, domin kuɗin ƙarya da aka yi a zamanin da ake kashe na gaskiyar shi ma shaida ne a kan zamaninsa.

Abin da shekarar kuɗi take nufi

A nan ne masu farawa suka fi yin tuntuɓe, don haka zan ɗan tsaya. Mu ɗauka ana rushe wani tsohon soro a Ƙofar Doka sai aka sami kwabon 1936 a ƙarƙashin daɓen. Abin da za a iya faɗa da tabbaci shi ne ba a yi wannan daɓe kafin 1936 ba, tunda ba yadda za a yi kuɗi ya shiga ƙarƙashinsa kafin a buga shi. Ba za a iya cewa a 1936 aka yi shi ba, domin kwabon yana iya yin shekara ashirin yana yawo daga hannun mai ƙosai zuwa na mai goro kafin ya faɗi. Gwargwadon yadda ya goge shi ne zai ba da ɗan haske a kan tsawon yawonsa. Sannan dole a tabbata a ƙarƙashin daɓen yake tun asali, ba ramin ɓera ko na gara ne ya sauke shi ba, kuma ba a taɓa fasa wurin an sake daɓewa ba.

Liyarin Mariya Tariza ya fi kowane kuɗi koyar da wannan darasi. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma da yake 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka sun amince da kuɗin kuma ba sa karɓar wanda aka sauya masa kama, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ta 1780 har cikin ƙarni na 20, a Biyana da wasu biranen Turai har da Bombay ta Indiya. Wanda ya ga 1780 a jikin liyarin kakarsa bai sami shekarar da aka buga shi ba, ya sami shekarar da ba za a wuce ta zuwa baya ba ne kawai.

Idan tukunyar kuɗi aka tono gaba ɗaya, to darajarta tana cikin haɗuwarta. Kada a raba ta tsakanin ma'aikata kafin a ƙirga a rubuta kowane ɗaya, domin mafi sabunta a cikinsu shi ne yake nuna lokacin da aka binne, cakuɗuwarsu kuma tana nuna irin kuɗin da suke yawo tare a kasuwa a lokacin. Tukunyar ma a adana ta, ko da fasasshiya ce, saboda kuɗin da ke cikinta sun ba ta shekara, ita kuma za ta ba da shekara ga duk tsingaro mai irin zanenta da za a samu a wani wuri.

Wuri ba shi da rubutu, amma bai rasa abin faɗa ba. Shi ne kuɗin ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa, kuma matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500. Iri biyu ne suka fi yawa: ƙarami mai ɗan ƙusumbi wanda asalinsa tsibiran Maldibs ne a Tekun Indiya, da wani mai zoben ruwan ɗorawa a bayansa wanda aka riƙa jigilarsa daga gaɓar Afirka ta Gabas da yawan gaske daga tsakiyar ƙarni na 19, abin da ya karya darajar wuri. A rubuta wane iri ne, guda nawa ne, da ko an fasa bayansa don a zura zare.

Kayan da ba kuɗi ba

Kuɗin ƙarfe baƙo ne na baya-bayan nan a ƙasar Zazzau, don haka dogon tarihin Kufena da Turunku, wanda labarin baka yake dangantawa da Bakwa da Sarauniya Amina, a cikin tukwane da ganuwa da kashin maƙera yake. Tsingaron da ya fi amfani shi ne na bakin tukunya da na gindi da mai zane. A ɗora bakin a kan takardar da aka zana da'irori masu faɗi daban-daban, wadda ya dace da ita ita ce faɗin bakin tukunyar tun tana raye. A duba karayar a ga launin cikinta da abin da aka gauraya yumɓun da shi, a kuma bayyana zanen: na igiya da aka murza a jiki ne, ko na tsinke, ko na yatsa. Mata masu ginin tukwane a ƙauyukanmu sukan gane yadda aka yi zane da kallo ɗaya, kuma tambayarsu ta fi dogon zato. Tarin kashin maƙera da gutsattsarin bututun yumɓu masu ƙuna alama ce ta wurin narka tama, irin waɗanda John Sutton da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka bincika a yammacin Samaru a shekarun 1970. Gatarin aradu kuma, wanda mutanenmu suke cewa tsawa ce take jefo shi, haka Turawa ma suka ɗauka har sai da irin su Michele Mercati, likitan fadar Fafaroma a ƙarni na 16, suka kwatanta irin waɗannan duwatsu da makaman mutanen da ba su san ƙarfe ba suka gane aikin hannu ne.

Ana iya koyon karatun ƙasa ba tare da an kafa fartanya ba. Bangon kududdufi, da gefen kwazazzabo, da ramin harsashin gini duk suna nuna ƙasa hawa-hawa, na ƙasa ya riga na sama, sai fa inda aka haƙa rami daga baya aka cike. A zana waɗannan hawa a littafi, a auna kaurin kowanne, a nuna inda toka ko tsingaro ya leƙo, a bar su a inda suke. Gawayin da ke cikin irin wannan hawa shi ne ake kai wa ɗakin gwaji a ƙiyasta shekarunsa ta hanyar da masanin kimiyya Ba'amurke Willard Libby ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940, amma ba ya da amfani sai ƙwararre ne ya ɗauke shi daga inda yake ya kuma san abin da yake tare da shi.

Tono kuwa ba aikin mai farawa ba ne, kuma doka ma ta hana. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta haramta haƙar kayan tarihi ba da izini ba, da cinikinsu, da fitar da su waje. Labarin Nok a kudancin jiharmu ta Kaduna ya isa misali. A 1928 aka sami kan yumɓu na farko a ramin haƙar kuza, kuma a farkon shekarun 1940 aka kai wa Bernard Fagg, Bature mai nazarin kayan tarihi, wani kan da wani ma'aikaci ya kafa a gonarsa don korar tsuntsaye. Da yake ruwa da haƙa sun riga sun yamutsa ƙasar da suka fito, an daɗe ba a iya tsayar da shekarunsu ba, sai da Fagg ya yi tono cikin tsari a Taruga kusa da Abuja a shekarun 1960, inda ya sami irin waɗannan gumaka tare da murhun narka tama da gawayin da za a gwada. Ɗaruruwan da masu haƙar sata suka fitar daga baya suna ɗakunan attajirai a ƙasashen waje, kuma ba wanda zai ƙara sanin daga wane rami kowanne ya fito. Sabanin haka, makiyayin da ya ci karo da katako yana haƙar rijiya a Dufuna ta jihar Yobe a 1987 ya kai rahoto, kuma ta haka aka fito da kwalekwalen da ya kai kimanin shekara 8,000.

Wanda ya ga abin da ya fi ƙarfin littafinsa, kamar kabari ko tukwane a jere ko murhu ko gunki, ya dakatar da aiki, ya rufe wurin da ƙasa mai laushi, ya sanar da mai unguwa ko dagaci, sannan a kai labari sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ko gidan tarihi na ƙasa da ke Kaduna, tare da hotuna da kwafin abin da aka rubuta. Kada a baza hoton da lambobin taswirarsa a Facebook ko WhatsApp kafin masana su iso, domin masu haƙar dare ma suna da waya.

Kayan gado da suka rage a hannunka kuwa, kowanne ya zauna a ambulan ɗinsa na takarda, ba a leda ba, saboda leda tana riƙe laima da damina ta sa tagulla ta yi kore. A ajiye su a busasshen wuri nesa da bangon da ke tsattsafo, a duba su sau ɗaya bayan damina, kuma duk wanda aka ga ya fara fitar da garin kore mai haske a ware shi daga sauran, domin wannan tsatsa ce mai ci. Littafin a yi masa kwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya a hannun wani ɗan'uwa ko malami, kuma a shafin farko a rubuta sunan gidan da kayan suka fito da sunan wanda ya ba da labarinsu da ranar da ya bayar.